Tsofaffin kwalaben soja: wacce za ka fara saya?

In ka shiga gwanjon intanet kana neman kwalaben soja, ga kala uku da za ka iya cin karo da su: tulun sojan Ingila mai haruffan SRD a jikinsa, kwalbar Coca-Cola ta yaƙin duniya na biyu, sai kwalbar asibitin sojan Amurka ta lokacin yaƙin basasarsu, 1861 zuwa 1865.

Ni dai ta ukun nan ce tawa, ba ɓoye-ɓoye. Wadda aka rubuta U.S.A. HOSP. DEPT a jikinta, rubutun a cikin gilashin yake ya taso, kana shafawa kana jin shi. Da baki aka hura su a cikin mazubi shi yasa ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba, wata wuyanta ya ɗan karkace, wata gilashin cike da ƴan kumfa ƙanana, bakin kuma daban aka ɗora shi da hannu har kana ganin inda narkakken gilashin ya ɗan zubo. Ga kala, akwai ruwan zuma, akwai kore, akwai shuɗi mai duhu wanda masu tarawa ke kokawa a kai. Magunguna aka zuba a ciki aka kai asibitocin fagen daga, kuma yaƙi ne da cuta ta kashe sojoji fiye da harsashi, to ka ga me take ɗauke da shi. Tana da tsada kam, amma in ka riƙe ta ka san ka riƙe abu.

Tulun SRD na yumɓu ne, galan ɗaya, giyar ram ake rabawa sojoji da shi a yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918. Sun yi yawa, kuma an ci gaba da yin su bayan yaƙin, dillali kuwa kowanne cewa zai yi daga ramukan fagen yaƙin Som na Faransa aka tono. Coca-Cola ta 1944 ko 1945 arha ce, biliyoyi aka sha, saya wa yaro ya fara koyo.

Yanzu maganar jabu, nan ne nake da ciwo. Wani dillali ya taɓa turo min kwalba, hotunan duk daga gefe, da ta iso sai ga layin mazubi ya miƙe tun daga gindi har ya haye saman baki. Wannan aikin inji ne, injin Owens mai hura kwalba kuma sai 1903 aka fito da shi, ina shi ina yaƙin 1860 da wani abu? Saboda haka ka nemi hoton baki da na gindi kusa-kusa kafin ka tura ko sisi. A ta gaske layin yana ɓacewa ne a wuya. Gindin kuma ya zama da gogewar zama, ba karcen samfefa ba da ke tafiya gefe ɗaya.

Sai masu liƙe fasasshen bakin kwalba da gam. Sayi ƙaramar tocilar UV, irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita, kashe wuta ka haska, wajen da aka yi ciko yakan fito da haske daban. Akwai kuma masu gasa gilashi da radiyeshan ya koma shunayya mai duhu. Gilashin da ke da sinadarin manganis rana tana sa shi shunayya, amma kaɗan-kaɗan, in ka ga ya yi duhu sosai ka ja baya. Kuma duk wanda ya ce maka "ni na tono ta a filin yaƙi" tambaye shi filin wa, don a Amurka dokar 1979 ta hana tono a ƙasar gwamnatin tarayya ba izini.

Kwalbar da aka tono a rufe da ruwa a ciki, kar ma ka taɓa. A 1940 Ingila ta yi gurneti na kwalba mai sinadarin farin fosforos, kamar kwalbar lemo haka take, har yanzu magina suna tono su a akwatuna, tana fashewa iska ta shiga sai wuta. Wannan ƴan sanda ake kira.