Jami'in da aka ɗaure bisa kuskure: a shirin talabijin da kuma nan Kebbi

Hajiya, kin yi tambaya kan shirin 'yan sandan nan na Amurka, inda aka ɗaure jami'in bincike kan kisan da bai aikata ba, ya sha shekaru a kurkuku, daga baya gaskiya ta yi halinta, aka biya shi diyya ya koma bakin aiki. Kika ce ko irin wannan zai yiwu a Birnin Kebbi.

Shirin ya cancanci kallo, kuma labarin yana da tushe a can. Tun 1989 gwajin DNA, wato gwajin ƙwayoyin halitta da ke gano ko jini ko gashi na wane ne, ke wanke fursunoni a Amurka, kuma ɗaruruwa sun fita ta wannan hanya, saboda ana adana jini da gashi da tufafin da aka samu a wurin laifi shekara da shekaru. Batun diyya ma a rubuce yake: dokar tarayya ta 2004 ta yarda a biya har dala 50,000 kan kowace shekarar ɗauri ga wanda ba a yanke wa hukuncin kisa ba, jihar Texas kuma dala 80,000, ko da yake akwai jihohin da ba su da irin wannan doka.

Mu a nan, yawancin shari'un laifi a kan bakin shaidu da takardar amsa laifi suke tsayawa. Abin da ke damuna ke nan. In an matsa wa mutum ya sa hannu a caji ofis, me za a sake gwadawa bayan shekara 10? Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a bidiyo ko a gaban lauya, wata dokar ta 2017 kuma ta haramta azabtarwa, amma aiki da su bai kai ko'ina ba. Wanda Babbar Kotun jiha ta yanke wa hukunci yana da kwana 90 ya ɗaukaka ƙara, kuma mu da Zamfara reshen Sakkwato na Kotun Ɗaukaka Ƙara muke zuwa. In wannan ta toshe sai Kotun Ƙoli a Abuja, sai kuma afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulkin 1999. Afuwa tana buɗe wa mutum ƙofa, amma ba ta shelanta wa unguwa cewa bai yi laifin ba.

Diyya fa? Sashe na 35 na tsarin mulkin ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba ya cancanci diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Sai dai shi zai shigar da sabuwar ƙara, ya ci, sannan ya bi sawun kuɗin. Mayar da jami'i aiki kuwa yana hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ko kotu ta ba da umarni.

Babban bambancin a ganina shi ne jarumin shirin aƙalla an yanke masa hukunci, yana da abin da zai ƙalubalanta. A gidajen gyaran halinmu kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, har sai Alƙalin Alƙalan jiha ya kai ziyara ya sallami wasu. In kina da naki a ciki, Allah Ya kiyaye, ki fara da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, lauyoyinta ba sa karɓar kuɗi daga marasa hali.