Tulun aure mai baki biyu da na saya a Santa Fe

Wata biyu kenan da na sayi tulun nan a Santa Fe, jihar New Mexico ta Amurka, amma har yau in na shigo falo sai na tsaya na kalle shi. Aikin mutanen Pueblo ne, 'yan asalin ƙasar, wata dattijuwa 'yar Santa Clara, ɗaya daga cikin garuruwansu, ce ta gina shi, ga sa hannunta nan a gindinsa.

Baki biyu gare shi da mariƙi ɗaya a sama da ya haɗe su, baki ɗaya na miji ɗaya na mata, mariƙin kuma shi ne auren. A al'adarsu iyayen ango ke gina shi kafin biki, ranar aure amarya ta sha ta nan ango ya sha ta can, daga nan sai ya zama abin adanawa a gidansu. Ni abin da ya fi taɓa min zuciya wallahi shi ne cikin tulun ɗaya ne, duk ta bakin da ka sha ruwa ɗaya kuke sha.

Ginin ba inji a ciki. Yumɓu ake murzawa kamar igiya a dinga ɗorawa har ya tashi, sannan a yi ta gugarsa da dutse mai santsi, sheƙin nan da za ka rantse fenti ne guga ce zalla. Tulun baƙi ne, baƙin kuma wajen gashi yake samuwa, a fili suke gasawa sai a lulluɓe wutar da busasshen kashin dabbobi hayaƙi ya rina shi baƙi wuluk, irin aikin da maginiya Maria Martinez ta garin San Ildefonso ta yi suna da shi. Nawa baki ɗaya ya ɗan fi ɗayan tsawo kaɗan, kuma haka nake son abina.

Inda raina ya ɓaci, mai shagon bai gaya min kar a bar ruwa ya kwana a ciki ba. Na zuba ruwa na sa fure, da safe na tarar da tabo fari a gefe ya ƙi fita, har na yi ƙwalla. Akwai tsada kuma gaskiya. In kun ga mai araha sosai ku tambaya ko zubin mol ne, wato ba ginin hannu ba, dokar Amurka ta 1990 ta hana a sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar alhali ba su suka yi ba, to ku juya gindin ku nemi sa hannu da sunan garin maginin kafin ku biya.