Argungu ko Gwandu: ina za a fara kai yara?

Argungu tarihinta a fili yake. A gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi, yaro zai ga masu, takubba da tambura da idonsa. Ga kuma kogin Matan Fada, inda masunta ke faɗawa ruwa da homa da gora a bikin kamun kifin da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta karrama a 2016.

Gwandu ba ta da wannan hayaniya. Hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne jigonta, kuma sai da mai bayani a gefe yaro zai gane girman malamin, ƙanen Shehu Usmanu.

Ni dai ƙanana Argungu zan fara kai su. Gwandu sai sun fara karatun littattafai.