Mai "baddalawa" ko mai "fassara", wanne za a saya wa yara?

'Yar'uwa, cikin littattafan labarai biyun da kika gani, ɗauki wanda aka rubuta baddalawa a bangonsa. Mai fassara ki bar shi sai sun girma.

Baddala daga Larabci take, asalinta sauyawa. Malaman adabi suna faɗinta ne idan marubuci ya ɗauko labarin wata al'umma ya sake ƙera shi, ya canja sunaye da garuruwa da abinci, har barkwancin, sai ya zama kamar a gidanmu aka haife shi. Aikin da Abubakar Imam ya yi ke nan a Magana Jari Ce, littafi uku da ya fara fitowa a 1937. Ya ɗebo daga Alfu Laila, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamusawa, ya sa su a bakin aku a fadar sarki, ga waziri ga dogarai.

Nawa ya tsufa har sai da aka ɗinke bangon da zare. In an ɗauke wuta a nan Bolari sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in haska fitilar waya in karanta, yaran maƙwabta su yi ta shigowa ba sallama. Wani dare ina tsakiyar labari kakarsu, wadda ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, ta katse ni wai ta san wannan tun tana budurwa a Dukku, kuma ba haka ƙarshensa yake ba. Ta karɓe ta ƙarasa nata, yara suka ce nata ya fi daɗi.

Fassararren ma ina da wani, yana kan kanta yana shan ƙura. Hausarsa ba laifi, amma sunayen ba sa faɗuwa a bakin yaro, ga dusar ƙanƙara a ko'ina. Sai dai ɗalibi mai neman asalin labari.

Ki yi hattara da masu bugun sata. Za su nuna miki bango mai ƙyalli, ciki kuwa fotokwafi ne, shafuka sun tsallake, ƙ da ɗ da ɓ duk sun rasa ƙugiyarsu. Ki buɗe ki bi lambobin shafi a gaban mai shagon kafin ki miƙa kuɗi. Wanda ya ce ki tura kuɗi ta waya tukuna sannan ya aiko a mota, ki rabu da shi. In na Imam kika samu, ki fara da littafi na ɗaya, a nan labarin akun ya soma.