Desmos da Kimanta Saurin Nan Take

Ga ɗalibin da ya fara karatun fiziks, Desmos, manhajar zana lissafi a kan jadawali (graph), na daga cikin kayan aikin intanet mafi amfani wajen fahimtar yadda ake kimanta saurin abu a wani takamaiman lokaci daga lissafin matsayinsa, kuma kyauta ake amfani da shi a waya ko kwamfuta.

Idan aka rubuta s(t) = 4.9t², wato nisan da abu ke faɗowa cikin mita bayan daƙiƙa t idan ba a yi la'akari da iska ba, sai a raba canjin nisa da tazarar lokaci h, a kuma sanya madannin da ake ja domin rage h. A daƙiƙa ta 2, tazarar daƙiƙa 1 tana ba da matsakaicin saurin mita 24.5 a daƙiƙa, tazarar 0.1 ta ba da 20.09, ta 0.01 kuma 19.649, har ɗalibi ya gani da idonsa cewa amsar tana matsowa ga 19.6, yayin da layin da ya haɗa ɗigo biyu a kan lanƙwasasshen zanen s(t) yake kwantawa a jikin lanƙwasar. Wannan gani da ido shi ne abin da na fi yabawa, domin allo ba ya motsi haka.

Sai dai manhajar tana iya fitar da amsar, wato saurin nan take a daƙiƙa ta 2, kai tsaye da s'(2), don haka ya dace malami ya jinkirta nuna wannan hanya har ɗalibi ya cika teburinsa na tazara da matsakaicin sauri da kansa.