Montreal da Toronto a Wasan Hokin Ƙanƙara

Ga mai bin wasanni a Kano, wanda ya saba da Kano Pillars a hannun gwamnatin jiha, tsarin ƙungiyoyin hokin ƙanƙara na Kanada abin lura ne, domin 'yan kasuwa ke riƙe da su. An kafa Montreal Canadiens a 1909, iyalan Molson ne ke jagorantar mallakarta, kuma ta ɗauki Kofin Stanley, wato kofin zakarun babbar gasar hokin ƙanƙara ta Arewacin Amurka, sau 24, na ƙarshe a 1993. Toronto Maple Leafs kuwa, wadda ta faro a 1917, tana ƙarƙashin kamfanin MLSE, mai ƙungiyar ƙwallon kwando ta Raptors. A ganina Montreal ce gaba, domin duk da ɗimbin arzikin Toronto, kofunanta 13 ne kawai, kuma rabonta da kofin tun 1967.