Kafin ki sayi eya firaya don gasa kek ɗin karas

Na fara gasa kek ne a tukunyar ƙarfe da yashi a ƙasanta, a jera gwangwanaye a kai, a rufe da murfi a zuba garwashi a sama. Wannan dabarar tana yi, amma tana cin lokaci, kuma ranar da wuta ta yi yawa ƙasan kek ɗin zai ƙone ba ki sani ba sai ƙauri ya cika gida. Shi ya sa lokacin da tukunyar nan mai suya da iskar zafi, wadda ake kira eya firaya, ta bazu a kasuwanninmu, tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: tana gasa kek? Tana gasawa, sai dai ba kowace iri ba, kuma kek ɗin karas shi ne wanda ya fi saurin tona asirin wadda ba ta dace ba.

Dalili yana cikin yadda na'urar take. Tun da kamfanin Philips ya fito da irinta a baje kolin kayan lantarki na birnin Balin da ke Jamus a 2010, tsarin bai sauya sosai ba. Akwai murɗaɗɗen ƙarfe a sama da ke ɗaukar zafi, sai fanka a bayansa da ke hura zafin zuwa ƙasa da ƙarfi. Ga kaza da dankali, hakan ake so. Kwaɓin kek ɗin karas kuwa mai nauyi ne, ga mai, ga ruwan da gurzajjen karas ke saki in ya ji wuta. Yana buƙatar zafi kaɗan na tsawon lokaci. Idan gwangwanin ya matsa kusa da ƙarfen, sama za ta yi ja har ta tsage, ki soka tsinke ki ga tsakiya tana nan kamar kunu.

Iri uku za ki fi tararwa a shago. Na farko mai aljihu ɗaya, wadda ake jawo kwandonta kamar durowa. Ita ta fi yawa, ta fi araha, kuma ita nake ba da shawara ga mai gasa kek ɗaya na gida, muddin kwandon yana da faɗi. A nan ne mutane ke faɗa wa tarko. Mai shago zai nuna miki kwali ya ce lita 6 ce, ko lita 8, alhali lita ba ta gaya miki faɗin ƙasan kwando. Akwai mai zurfi kamar bokiti wadda lita ɗinta ke da yawa amma gwangwanin inci 7 ba ya shiga. Ni hakan ta faru da ni a sayena na farko. Na kawo ta gida da murna, na kwaɓa kek, na ɗauko gwangwanin da na saba da shi, sai ga shi ya tsaya a bakin kwando ya ƙi sauka. Dole na raba kwaɓin a ƙananan gwangwanaye na gasa sau uku. Tun daga ranar duk wadda ta tambaye ni sai in ce ta saka gwangwaninta a jaka ta tafi kasuwa da shi. Ki sa shi a kwandon a gaban mai shago. Ki tabbata yatsa yana iya shiga tsakaninsa da bangon kwando ta kowane gefe, saboda ta nan iska ke sauka ta gasa ƙasan kek, kuma ta nan za ki kama ki fito da shi yana da zafi. Galibi mai lita 4 gwangwanin inci 6 take ɗauka, mai lita 5 da rabi zuwa 6 ta ɗauki inci 7, wani lokaci 8. Kwando mai kusurwa huɗu ya fi zagayayye ba da wuri.

Na biyu ita ce mai ƙofar gilashi da hawa-hawa a ciki, kamar ƙaramin oben. Idan kek ne babban dalilinki na saye, musamman in kina ɗan sayarwa ko ana yawan yi miki oda, wannan ce taki. Kina iya sauke gwangwani zuwa hawan ƙasa ya nisanci ƙarfen zafi, kina kuma kallon yadda yake tashi ta gilashi ba tare da kin buɗe ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin buɗe kek a minti ashirin na farko shi ke sa tsakiyarsa ta lotsa. Aibinta, ta fi tsada, tana cin wuri a kicin, wankinta ma ya fi wahala.

Na uku mai aljihu biyu gefe da gefe, irin wadda kamfanin Ninja ya yi suna da ita. Tana da kyau ga mai son soya nama a gefe, dankali a gefe. Ga kek kuwa aljihunan sun yi siriri, sai dogon gwangwani irin na burodi. In zagayayyen kek kike so, ki wuce ta.

Sai batun wuta, wanda a wajenmu ya fi komai. Yawancin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,800. Ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai bai kai wat 1,000 ba, don haka ba zai ɗauke ta ba ko kusa. Mai sola kuma ta duba ƙarfin inbatarta tukuna, kada ta sayi abin da zai riƙa kashe mata wutar gida. A mita ba ta da ɓarna sosai: mai wat 1,500 in ta yi minti 40 tana aiki ba tsayawa, yunit ɗaya ke nan, kuma ba ta ma kai hakan tunda ƙarfen yana kashe kansa in zafi ya kai inda aka saita. Ki jona ta a soket na bango kai tsaye, ban da siririyar wayar ƙari, don na ga wadda ta narke. Idan ta hannu za ki saya, ki juya ƙasanta ki karanta. Wutar Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ce, kayan da aka yi don Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne, kina jonawa ta ƙone.

Tsakanin mai maɓallin murɗawa da mai allon latsawa, kowace da nata. Mai allo tana ba ki zafi daidai, ki ce 155 ta tsaya a 155, agogonta kuma yakan kai awa guda. Mai murɗawa da yawa agogonsu a minti 30 yake ƙarewa, kek ɗin karas kuwa yakan wuce haka, sai kin tsaya kusa kin sake murɗawa. Amma a unguwar da wuta ke ƙiftawa ta dawo, mai murɗawa tana ci gaba da aikinta da zarar an kawo, yayin da wasu masu allo ke mantawa da saitin gaba ɗaya. Ki tambayi mai shago ya jona, ya saita, ya zare filogi ya mayar, ki ga abin da za ta yi. Ni don kek na fi son mai allo, saboda lambobin da ke jikin maɓallin murɗawa kiyasi ne kawai.

Da kin kawo ta gida, ki gwada ta da wannan a gwangwanin inci 7: ƙwai 2, fulawa kofi ɗaya da kwata, sukari kashi biyu cikin uku na kofi, man gyaɗa rabin kofi, gurzajjen karas kofi ɗaya da rabi, bekin fauda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, kirfa ƙaramin cokali ɗaya da ɗan gishiri. Karas ɗin lokacin sanyi, irin wanda ake kawowa daga Zariya da Jos, ya fi zaƙi da ruwa, don haka in kin ga ya jiƙe da yawa ki ɗan matse shi a tafin hannu. Kada kwaɓin ya wuce kashi biyu cikin uku na gwangwani. Ki saita zafi a 150 zuwa 160 na ma'aunin Salshiyos, ƙasa da yadda kike yi a oben. Bayan minti 25, in sama ta fara duhu, ki rufe da foyil ki lanƙwasa bakinsa ya kama gwangwani da kyau, domin fanka tana ɗaga sakakken foyil ta manna shi a ƙarfen zafi. Daga minti 35 ki fara soka tsinke a tsakiya. In ya fito da danshin kwaɓi, ki ƙara minti biyar-biyar har ya fito a bushe, sannan ki rubuta jimillar lokacin a takarda ki manna a jikin kabad, don shi ne lokacin tukunyarki.